Ranakun da Ƙasa ke Karɓar Aiki: Shukar Masara da Waken Suya da Tafiyar da Gona a Tsakiyar Amurka

Tsakure

Takardar ta duba yadda manoman masara da waken suya a jihohin tsakiyar Amurka ke tafiyar da aikin gona daga ƙarshen Maris zuwa farkon Yuni, lokacin da sanyi ke janyewa ana shuka. Hujjar da take kafawa ita ce, abin da ya fi ƙaranci a hannun manomin can shi ne ranakun da ƙasa ke karɓar aiki, kuma kusan duk shawarar da yake yankewa, daga girman injin shuka zuwa lokacin zuba taki da sayen inshora, a kan waɗannan 'yan ranaku take rataye. An kuma nuna inda gaggawar cin moriyar ranakun ke ɓata ƙasa da ruwan sha, da inda lamarin ya taɓa manomin masara na arewacin Nijeriya.

1.0 Gabatarwa



Kafin in shiga magana, akwai wata kalma da ya kamata mu daidaita a kanta. Masu fassara sun saba kiran lokacin shukar ƙasashen sanyi da "bazara", alhali bazararmu zafi ce mai gasa ƙasa, gona a bushe ƙamas, ido na gabas ana jiran hadari. A jihar Ayowa ko Ilinoyi kuwa, watan Afrilu yakan riski gona ne jiƙe sharkaf da ruwan dusar ƙanƙarar da ta narke, ga sanyin ƙasa da ba ya barin iri ya motsa. Manominmu ruwa yake jira ya sauka, nasu kuwa jira yake ruwa ya tsane, ƙasa ta ɗumama. Zan riƙa cewa "bazarar Amurka" don sauƙin magana, amma a riƙe wannan bambanci.

Yankin da nake nufi ya haɗa Ayowa, Ilinoyi, Indiyana, gabashin Nebraska da kudancin Minesota, inda masara da waken suya ke karɓa-karɓa a gona ɗaya: bana masara, baɗi wake. A faɗin Amurka akan shuka masara a eka wajen miliyan 90 a shekara, kusan hekta miliyan 36 ke nan, waken suya kuma yana biye da ita. A layi ake shuka su, yawanci santimita 76 tsakanin layi da layi. Matsakaicin abin da hekta ɗaya ta masara ke bayarwa a 'yan shekarun nan ya kai tan 11, mu kuwa a Nijeriya muna ta fama a wajen tan 2. Duk wanda ya ji wannan tazara, hankalinsa yakan tafi kan tarakta da ingantaccen iri da takin zamani, kuma kowannensu yana da nasa rabon. Ni dai abin da nake so a duba shi ne lokaci, domin shi kaɗai ne manomin Ayowa, duk dukiyarsa, ba ya iya saye a kasuwa.

2.0 Zafin ƙasa da danshinta

Ƙa'idar da malaman gona na Jami'ar Jihar Ayowa da ke Ames suka daɗe suna koyarwa ita ce, kada a shuka masara sai zafin ƙasa a zurfin santimita 10 ya kai digiri 10 a ma'aunin Selshiyas, hasashen yanayi kuma ya nuna zai ci gaba da hawa. Dalilin yana cikin kwana biyun farko. Busasshiyar ƙwayar masara tana zuƙar ruwa da sauri da zarar ta shiga ƙasa. In ruwan mai tsananin sanyi ne, sai ƙwayoyin halittarta su ji rauni, tsiron ya fito a murɗe, ko ya ruɓe bai ko leƙo waje ba. Manomin da ya ga rana ta buɗe yau ya shuka, jibi aka tafka ruwan sanyi, ya zuba kuɗin irinsa ne a rami.

Danshi ya fi zafin ƙasa wuyar sha'ani, domin babu ma'aunin da ya kai hannun manomi. Yakan sauka daga mota ya tono ƙasa daga zurfin da iri zai kwanta, ya dunƙule ta a tafin hannu, ya sake ta ta faɗi. In ta tarwatse, ƙasa ta yi. In ta zauna curi guda, ko ya murza ta tsakanin babban yatsa da manuni ta miƙe zarara ba ta karye ba, to a koma gida. Wanda ya ƙi komawa, ga abin da ke faruwa ƙarƙashin injinsa: faifan ƙarfe biyu da ke tsaga ramin shuka suna shafe bangon ramin sumul kamar an yi yaɓe. Rana ta fito, yaɓen ya bushe ya yi tauri, saiwa ta kasa huda shi, sai ta bi tsawon ramin ta baje kamar mafici maimakon ta nutsa. A watan Mayu gonar kore shar take, babu mai cewa an yi kuskure. Sai Yuli, ruwa ya ɗan ɗauke, ganye ya fara naɗewa tun hantsi alhali na maƙwabci yana tsaye, sannan a tono a ga saiwar da ba ta wuce tsawon yatsa ba. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, kuma a noman masara ran ginin ita ce ranar shuka.

Shi ya sa ƙwararren manomi ba ya yarda da allon kwamfutar da ke cikin tarakta shi kaɗai. Ya yi 'yan mitoci, sai ya tsaya, ya durƙusa bayan injin da 'yar wuƙa ya tone layi, ya auna ko iri na kwance a zurfin santimita 5, ko ƙasa ta rufe shi ba kogon iska, ko tazarar ta daidaita. Ana zuba ƙwaya 80,000 zuwa 89,000 a hekta, kuma burin shi ne su fito kusan rana ɗaya. Tsiron da ya makara har 'yan uwansa suka riga shi da ganye biyu ba ya kamo su. Yakan sha taki da ruwa, ya ƙare da ɗan guntun goyo ko babu, wato ya zama ciyawa a cikin danginsa.

Waken suya yana da nasa hali. A da sai an gama masara ake waiwayarsa, yanzu kuwa da yawa suna shuka shi tare da ita ko ma kafin ta, tunda an gano wanda ya shiga ƙasa da wuri ya fi yin gaɓoɓi da kwanso, ga kuma maganin da ake cuɗa iri da shi don kare shi daga ruɓewa. Haɗarin dai shi ne, zuciyar tsiron masara tana ɓoye ƙarƙashin ƙasa har ta yi ganye shida, don haka in sanyin dare mai daskarewa ya ƙone ganyenta takan sake tohowa. Ta wake kuwa tana sama tun ranar da ya fito. In sanyi ya ƙone tsiron har ƙasa, sai sake shuka.

3.0 Lissafin ranaku

Sashen ƙididdiga na Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka yana fitar da rahoto duk Litinin a lokacin noma. A ciki akwai kason gonakin da aka shuka a kowace jiha, da kuma wani adadi da na fi ba muhimmanci: yawan ranakun da suka dace da aikin gona a makon da ya wuce. A Ayowa, tsakanin tsakiyar Afrilu da tsakiyar Mayu, lokacin da shuka ta fi albarka, ranakun ba su cika wuce huɗu ko biyar a mako ba, a shekarar ruwa kuwa mako yakan wuce da ɗaya ko babu. Daga tsakiyar Mayu amfani ke fara raguwa, kuma raguwar tana ƙara sauri in aka doshi Yuni.

Wannan ne ya bayyana girman injinan da muke gani a hoto muna mamaki. Injin shuka mai layi 24 faɗinsa ya kai mita 18. In yana tafiyar kilomita 8 a awa, lissafi ya ba shi fiye da hekta 14 a awa ɗaya kafin a cire tsayawar ɗura iri da juyawa, sabbin injinan kuma suna ninka wannan gudu. Tauraron ɗan Adam ke riƙe sitiyari, don haka ana aiki har tsakar dare da fitila. Injin yakan yi wata goma sha ɗaya a rumfa, kuma manomi ya san haka lokacin da ya saye shi. Kuɗin 'yan ranakun nan na shuka ya biya.

Shekaru uku sun isa misali. A 2013 ruwa da sanyi suka riƙe manoma har tsakiyar Mayu, an shuka kashi 28 cikin ɗari kacal na masarar ƙasar. Sama ta buɗe mako guda, adadin ya tashi zuwa kashi 71. A 2019 kuwa sama ba ta buɗe ba, kogunan Mizuri da Misisipi suka yi ambaliya, aka bar fiye da eka miliyan 19 ba shuka, adadin da ba a taɓa rubuta irinsa ba. Ta ukun ita ce 2012, kuma ita na fi so a riƙe. Bazarar ta zo da ɗumi da wuri, aka gama shuka cikin sauri da murna, sannan fari ya sauka a Yuni da Yuli, amfanin hekta ya faɗi ƙasa da tan 8. Shukar wuri tana buɗe wa amfani ƙofa ne kawai, ba ta lamunce wa kowa girbi.

4.0 Haya, farashi da inshora

Tunda ranakun kaɗan ne, ba a ɓata su wajen tunani. Duk shawarar da za a iya yankewa a hunturu, a hunturu ake yanke ta. Iri akan yi odarsa tun kaka. A Ayowa fiye da rabin gonaki na haya ne, shekarar haya kuma ranar 1 ga Maris take farawa, don haka manomi ya san nauyin da ke wuyansa kafin ya taɓa ƙasa. A watan Fabrairu ake ɗaukar matsakaicin farashin cinikin gaba na kasuwar Shikago, na Disamba ga masara, na Nuwamba ga wake, a kafa farashin da inshora za ta lamunce. Ranar 15 ga Maris ake rufe sayen inshorar, ƙarshen watan kuma gwamnati ta fitar da rahoton abin da manoma ke niyyar shukawa. Manoma suna da ɗan ma'auninsu na ka: in farashin wake ya haura na masara sau biyu da rabi, sai a karkata ga wake, musamman shekarar da taki ya yi tsada, tunda wake yana samar wa kansa naitirojin.

Inshorar, wadda gwamnati ke biyan kaso mafi tsoka na kuɗinta, tana da ranar rufe shuka. Ga masara a Ayowa, 31 ga Mayu ce. Wanda ya shuka bayanta, lamuninsa yana raguwa da kashi ɗaya cikin ɗari kowace rana. Wanda ruwa ya hana shi shuka gaba ɗaya yana karɓar kashi 55 na lamunin. A ganina babban amfanin wannan tsari shi ne yana ba manomi ikon haƙuri: yana iya duban gonar da ke kwance cikin taɓo ya ce ba zan shiga ba, kuma gidansa bai rushe ba. Sai dai akwai abin da ke ja ta ɗaya gefen. Tsadar haya da bashin inji suna tura manomi ya ƙara faɗin gona, faɗin gona kuma yana tura shi ya fara kwana biyu kafin ƙasa ta yi, don tsoron kada ya kasa gamawa. Nan ne sauri ke haifar nawa, kuma tarakta mai nauyin tan da dama in ta danne jiƙaƙƙiyar ƙasa, taurin yakan yi shekaru bai warware ba.

5.0 Taki da ruwan da ke bin bututu

A nan zan ɗan daɗe, domin a nan ne gaggawar manomi ke fita daga gonarsa ta shiga tukunyar wani.

Yawancin arewa ta tsakiyar Ayowa a da fadamu ne da tafkuna. Abin da ya mai da su gonaki shi ne bututun da aka binne a zurfin kamar mita ɗaya, a da na yumɓu, yanzu na roba mai huji-huji, suna tsotse ruwa su zuba a magudana. Bututun ne ke ƙara wa manomi ranakun aiki, tunda gonar da ke da shi tana riga wadda ba ta da shi tsanewa. Masara kuma tana da cin naitirojin. Takin da ya fi ƙarfi shi ne iskar amoniya da ake tsirta wa ƙasa da wuƙaƙen ƙarfe, mai kashi 82 na naitirojin, inda yuriyar da muka sani ke da 46. Don a rage wa bazara aiki, wasu tun kaka suke zuba ta, bayan ƙasa ta yi sanyi ƙasa da digiri 10, wasu kuma kafin shuka. Matsalar ita ce masara ba ta fara shan naitirojin da gaske sai ta kai gwiwa, wajen Yuni. Tsakanin Afrilu da Yuni ƙasa ta ɗumama, ƙwayoyin halittar cikinta sun mai da takin naitiret, ruwa na sauka, babu saiwar da za ta kama shi. Sai ya bi bututu.

Ƙarshen bututun kogi ne. Birnin Des Moines daga kogin Raccoon da kogin Des Moines yake shan ruwa, dokar ƙasa kuma ta hana naitirojin da ke cikin naitiret ya wuce miligiram 10 a litar ruwan sha. Hukumar ruwan birnin ta gaji da kashe kuɗin tacewa, a 2015 ta kai ƙarar hukumomin magudanan ruwa na gundumomi uku, Sac da Buena Vista da Calhoun. A 2017 kotu ta kori ƙarar. Naitiret ɗin da ya wuce birnin kuma yana bin Misisipi har Tekun Meksiko, inda duk shekara ake samun yankin da iskar shaƙa ta ƙare a ƙasan ruwa, kifi da jatan lande su gudu ko su mutu. Jihar Ayowa ta fitar da tsarin rage wannan kwarara a 2013 da burin kashi 45 cikin ɗari, amma a ɓangaren manoma na ganin dama ne.

Maganin sananne ne. A raba takin, kaɗan a lokacin shuka, mafi yawa a gefen layi bayan masara ta yi ganye huɗu zuwa takwas. A auna naitiret ɗin da ke ƙasa a ƙarshen bazara kafin a ƙara. A lissafa yawan taki bisa ribar da buhun ƙarshe zai dawo da ita, kamar yadda jami'o'in yankin suka tsara, darasin da ya shiga kunnen kowa a bazarar 2022, da tan ɗin amoniya ya haura dala 1,500. A shuka hatsin rai bayan girbi ya rufe ƙasa ya kama ragowar takin, a kashe shi kwana 10 zuwa 14 kafin shukar masara. To me ya hana kowa yi? Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana cin rana. Raba taki ƙarin shiga gona ne a Yuni, lokacin da ruwa ke iya hanawa har masara ta fi ƙarfin tarakta. Duk wanda zai ba manomi shawarar kiyaye ruwa bai gaya masa inda zai samo ranar ba, bai gama shawara ba.

6.0 Ciyawa da ƙura

Tun da aka fito da waken da ke jure maganin glyphosate a 1996, manoma suka dogara da feshi ɗaya, har ciyawa ta saba. Wadda ta fi ba su tsoro dangin alayyafo ce, ana kiranta Palmer, da aka tabbatar ta daina jin maganin a jihar Jojiya wajen 2005. Tana ƙara santimita 5 ko fiye a yini, uwa ɗaya kuma tana zubar da iri dubu ɗaruruwa. Yanzu dole a fesa mai hana tsiro tun lokacin shuka, a sake kafin ciyawa ta kai santimita 10, ga shi ba a feshi ranar iska. Wasu sun koma kaftu da haro, shi ma da nasa sharrin. Ranar 1 ga Mayun 2023 iska ta ɗebi ƙurar gonakin da aka gama gyarawa a kudu da Springfield ta Ilinoyi ta rufe babbar hanya mai lamba 55, motoci da dama suka yi karo, aƙalla mutum bakwai suka rasu.

7.0 Inda maganar ta taɓa mu

Ban zo in ce manomin Saminaka ko Funtuwa ya kwaikwayi na Ayowa ba. Amma alaƙar tana nan, har ta tarihi: Jami'ar Jihar Kansas ta taimaka wajen kafa tsangayar aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1960, kuma David Norman, wanda ya yi bincike a ƙauyukan Zariya a wancan zamani kafin ya koma Kansas, ya nuna cewa abin da ke ƙuntata manominmu shi ne ƙarancin hannu a makonnin noman Yuni da Yuli, kuma haɗa amfani biyu ko uku a gona ɗaya dabara ce mai hujja. Shi ma ranaku ya ƙirga.

Mu ma ƙofarmu ƙarama ce. Ruwan farko yakan yaudari mutum, ya shuka, a yi mako biyu ba ɗigo. Masu binnen gero sun san cacar da suke yi, amma irin masara na kamfani ya fi ƙarfin caca. Na ɗanɗana ɗaya gefen da kaina. Wata damina na biya kuɗin tarakta tun Mayu, ba ta iso ba sai bayan mako uku, washegarin wani ruwa mai ƙarfi. Na san ƙasar ba ta yi ba, na dunƙula ta ta zauna curi, amma direban ya ce in ya tafi ba ranar dawowa, na ce ya shiga. Haron ya bar mini manyan hoge da ƙasa mai tauri a ƙarƙashi, masarar ta fito tsilla-tsilla, kuma har girbi ina ganin sawun tayar a tsawon karan. Yuriyar da muke watsawa a sama ba rufi, rana ta sha wani kaso, ruwa ya tafi da wani, ita ma ƙanwar amoniyar kaka ce.

Hukumar NiMet tana fitar da hasashen faɗuwar damina a farkon kowace shekara, wannan kuma ci gaba ne. Abin da nake roƙon cibiyoyin bincike irin na Samaru da hukumomin bunƙasa noma na jihohi su ɗora a kai ƙaramin aiki ne. Daga Mayu zuwa ƙarshen Yuli, kowane malamin gona ya aiko da abu uku duk mako ta wayar hannu: kwana nawa ƙasa ta karɓi huɗa ko shuka a yankinsa, kaso nawa na gonaki aka shuka, gona nawa aka sake shukawa. A tattara a karanta a rediyo ranar Litinin. Bayan damina biyar za a iya gaya wa ƙungiyar manoma a Giwa ko Lere tarakta ko garmar shanu nawa take bukata don gama huɗa cikin ranakun da ƙasarta ke bayarwa, a kuma gaya wa dillalin taki da banki makon da buhu zai isa ƙauye kafin masara ta kai gwiwa.